Darasi: Baƙon Koci da Shirin Shiga Kakar Wasa

Ƙungiyar ƙwallon gari ita ce wadda 'yan wasanta ba sa karɓar albashi. Samari ne masu sana'o'insu: manoma, 'yan acaba, teloli, masu faci, ɗaliban sakandare. Da yamma sukan haɗu a filin makarantar firamare ko a wani fegi a bayan gari, su buga don sha'awa da kare sunan unguwarsu. Irin waɗannan ƙungiyoyi suna nan birjik a ƙananan hukumomin Rogo da Karaye, daga Rogo Ruma zuwa Zarewa, Fulatan, Beli da Ruwan Bago. Su ne tushen ƙwallon ƙafa a Najeriya. A samansu akwai gasar Nationwide League One, sai NNL, sannan babbar gasar NPFL inda Kano Pillars ta ci kofi a 2008, 2012, 2013 da 2014.

Sau da yawa mai horar da ƙungiyar gari baƙo ne. Yana iya zama malamin makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki, ko ma'aikacin asibiti, ko ɗan bautar ƙasa, ko tsohon ɗan wasa da aka roƙo daga Kano ko Zariya. Haka abin yake a wasu ƙasashe ma. A Jamus, Italiya da Holan akwai ƙananan ƙungiyoyin besbol, wasan nan na Amurkawa da ake bugun ƙaramar ƙwallo da kulki, mutum tara a kowane ɓangare. Sukan ɗauko koci daga Amurka gab da buɗe kakarsu a watan Afrilu, ya zo ya tarar 'yan wasansa ɗalibai ne da ma'aikata waɗanda ba sa samun sukuni sai da yamma. Wasan daban, ƙasar daban, amma matsalar ɗaya ce: kocin da ba shi ke biyan 'yan wasa ba, ba shi da abin riƙe su sai tsari, adalci da yarda. Waɗannan kuwa a makonnin farko ake samunsu ko a rasa su.

Yaushe kakar wasa take farawa?

A birni, hukumar wasanni ce ke fitar da jadawali. A karkara, gona ce ke fitar da shi. Daga Yuni zuwa Satumba samarin ƙasar Rogo suna noma, filayen ƙwallo da dama sun cika da ciyawa, wasu ma an shuka su. Oktoba da Nuwamba lokacin girbin masara, dawa da waken suya ne, sannan a shiga sussuka da jigilar amfani gida. Sai kakar amfanin gona ta lafa kafin kakar wasa ta kankama. Saboda haka shirin ƙungiya yakan faɗo a ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba, gasanni kuma su biyo baya cikin hunturu.

Akwai abubuwa uku da koci zai lissafa kafin ya rubuta ko da rana ɗaya ta atisaye. Na farko cin rani: wasu daga cikin gwanayen ƙungiya sukan tafi Kano, Kaduna, Abuja ko kudu neman kuɗi da zarar an kai amfani rumbu, wasu kuma su koma noman rani da kamun kifi a bakin dam ɗin Challawa da ke ƙasar Karaye. Dole a san wanda zai zauna da wanda zai tafi. Na biyu azumi. Watan Ramadan yana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. A 2025 an ɗauki azumi a farkon Maris, wato a shekarun nan yana cin ƙarshen hunturu. Na uku zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'aunin zafi kan kai digiri 40. Kocin da ya tsara kakarsa ba tare da duban waɗannan ba zai wayi gari da fili babu kowa, ya ɗauka raina shi aka yi, alhali lissafinsa ne bai zauna ba.

Shigowar baƙo

Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Kafin koci ya busa usur, akwai gaisuwar da ta wajaba a kansa. Shugaban ƙungiya zai kai shi wurin mai unguwa ko dagaci, ya durƙusa ya ce "ranka ya daɗe", ya faɗi sunansa, garinsu da abin da ya kawo shi. Zai ga hedimasta idan filin na makaranta ne, a yi yarjejeniya kan lokacin shiga da fita. Zai gaida limamin masallacin da ke kusa, ya tabbatar masa cewa ba za a bar ƙwallo ta ci lokacin salla ba. Iyayen yaran da ba su kai shekara 18 ba su ma suna da haƙƙin su san hannun wanda 'ya'yansu za su shiga. Wannan zagaye na kwana biyu ko uku shi ne zai tsaya wa koci ranar da rigima ta tashi.

Bayan gaisuwa sai kallo. Makon farko, koci mai hankali yakan bar ƙungiya ta buga yadda ta saba, shi kuma ya tsaya gefe da littafinsa. A nan zai gane wanda ake jin maganarsa ko da ba shi ne kyaftin ba, da waɗanda ba sa ga maciji da juna, da mai zuwa a makare saboda sai ya rufe shago, da yaron da ke da baiwa amma manya sun danne shi. Sannan ya haddace sunaye da laƙabobi. Ɗan wasan da aka kira da sunansa tun rana ta biyu ya san an lura da shi.

Harshe babban makami ne. Idan kocin ba Bahaushe ba ne, ya koyi kalmomin fili tun da wuri: ba shi, riƙe, juya, koma baya, tare shi, satar gida. Marigayi Stephen Keshi ya iya Faransanci tun zamanin da ya buga wasa a Kwaddibuwa, Beljiyam da Faransa, kuma da wannan harshe ya horar da Togo har ta samu gurbin Kofin Duniya na 2006, karon farko a tarihinta. Haƙuri ma haka. Clemens Westerhof, ɗan ƙasar Holan, ya karɓi tawagar Najeriya a 1989. A wasansa na farko a Kofin Afirka na 1990, Aljeriya ta lallasa shi da ci 5 da 1. Ya zauna, ya riƙa bin filayen gasar cikin gida yana zaƙulo 'yan wasa, sai a 1994 ya ɗauko kofin a Tunisiya, ya kuma kai ƙasar Kofin Duniya karon farko. Shekara biyar ya yi kafin abin da ya shuka ya nuna.

Gyaran fili da kayan aiki

Filin da damina ta wuce a kansa yana buƙatar gayya. A sare ciyawa, a tumɓuke kututturen kara, a share tsidau da ƙarangiya, a tsince kwalba da duwatsu, a cike ramuka da zaizayar ruwa, a daddaɓe. Sau da yawa targaɗen farkon kaka daga rami yake fitowa. Yana da kyau koci ya ɗauki fartanya tare da kowa a wannan rana, domin samari suna auna mutum da abin da suka ga ya yi.

Dokar ƙwallon ƙafa ta ce tsawon fili ya kasance tsakanin mita 90 da 120, faɗinsa tsakanin mita 45 da 90, kuma tsawon ya fi faɗin. Faɗin raga mita 7.32 ne, tsayinta mita 2.44. Daga layin raga zuwa ɗigon fenareti mita 11 ne, babban akwatin gola kuma mita 16.5. Da'irar tsakiya tana da nisan mita 9.15 daga ɗigon tsakiya. Don kusurwa ta fita daidai, a yi amfani da dabarar magina: a auna mita 3 a layi ɗaya, mita 4 a ɗaya layin, idan tsakanin ƙarshensu ya ba da mita 5 cif, kusurwar ta miƙe. Toka ko farar ƙasa ta isa zana layi. Turakun raga a binne su da zurfi, domin turken da ya faɗo kan yaro yana iya kashe shi.

Manya suna buga ƙwallo mai lamba 5, nauyinta gram 410 zuwa 450. Ƙwallo ɗaya ba ta horar da mutum ashirin. A nemi aƙalla huɗu ko biyar, da famfo da allurarsa. Robobin ruwa da aka cika da yashi suna maye gurbin alamomin atisaye. Jarkar ruwan sha, usur, agogo da ƙaramin akwatin magani su ne sauran kayan da ba a fara kaka sai da su.

Zaɓen 'yan wasa da kafa doka

Mutum 11 ke shiga fili, kuma doka ba ta yarda a fara wasa ko a ci gaba da shi ba idan ɓangare ɗaya ya gaza mutum 7. Ƙungiyar gari tana buƙatar rajistar mutum 20 zuwa 25, da gola aƙalla biyu, saboda rashin lafiya, tafiya da hidimar gida ba sa sallama. A buɗe ƙofar gwaji ga kowa na tsawon mako guda, a sanar a majalisa da bakin kasuwa. A nan ne baƙuncin koci yake zama alheri: ba shi da ƙane a cikin 'yan wasa, ba shi da tsohuwar gaba da gidan kowa. Wannan ita ce babbar dukiyarsa, kuma rana ɗaya ta son kai ta isa ta ƙone ta. Idan ɗan uban ƙungiya bai cancanci shiga sha ɗayan farko ba, a gaya wa uban cikin ladabi, a keɓe, tun kafin ranar wasa.

Tun ran gini ran zane. A zauna da dukkan 'yan wasa a ƙarƙashin inuwa, a amince da dokoki kaɗan da kowa zai iya riƙewa: lokacin zuwa, yadda ake neman uzuri, hukuncin zagi da faɗa, da haramcin shaye-shaye. Dokar da aka fi gwada koci a kanta ita ce ta fashin atisaye. Idan an ce wanda bai zo atisaye ba ba zai fara wasa ba, to ta hau kan gwanin ƙungiya kamar yadda ta hau kan ɗan benci. Amma a bambance mai lalaci da wanda mahaifinsa ya aike shi gona ko kasuwa. Na biyun uzuri gare shi, kuma kocin da ya sa yaro ya zaɓa tsakaninsa da mahaifinsa ya yi asarar yaron.

Akwai jarabawa biyu da ke zuwa da kowace gasa. Ɗaya ita ce ɗauko 'yan haya daga wani gari ranar wasa, a zaunar da waɗanda suka sha ƙurar atisaye. Ana iya cin wasan, amma mako mai zuwa fili zai yi ƙaranci. Ɗayar ita ce rage shekaru a gasar yara, irin Kofin Ramat da ƙungiyar YSFON ke shiryawa a Kano don tunawa da Janar Murtala Ramat Muhammad. Wanda ya sa ƙato a cikin yara ya koya wa ƙungiyarsa ƙarya, ya kuma tauye haƙƙin yaron da gurbin yake nasa.

Makonni shida na atisaye

Mako shida ya isa a shirya ƙungiyar gari, kwana uku ko huɗu a mako, ban da ranar kasuwa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar la'asar. A watan Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida, don haka abin da ke hannu bai wuce minti 90 ba, kuma a tashi kafin kiran magariba.

Kowane atisaye ya fara da ɗumama jiki. Hukumar FIFA ta fitar da wani tsari mai suna 11+, na kimanin minti 20, wanda ya haɗa sassarfa, ƙarfafa cinya da ƙugu, tsayuwa da ƙafa ɗaya, da koyon dira bayan tsalle. Ba ya buƙatar kayan aiki na musamman, kuma bincike ya nuna yana rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku ga masu yin sa a kai a kai. A sanyin hunturu, lokacin da jijiyoyi ke ɗaurewa, amfaninsa ya fi fitowa.

Mako na ɗaya da na biyu na gina numfashi ne da sabawa da ƙwallo. A nan baƙon koci yakan yi kuskure. Saurayin da ya fito daga noma yana da ƙarfi da juriya. Abin da ya rasa shi ne saurin juyi, tsayar da ƙwallo da miƙa ta inda ya dace. Zagaya fili sau ashirin ba zai ƙara masa komai ba sai gajiya. Abin da ya fi shi ne ƙananan wasanni, huɗu da huɗu ko biyar da biyar a ɗan ƙaramin wuri, inda kowa zai taɓa ƙwallo sau da yawa yana haki.

Mako na uku da na huɗu na tsari ne. A zaɓi salo ɗaya mai sauƙi, kamar 'yan baya huɗu, 'yan tsakiya huɗu, 'yan gaba biyu, a tsaya a kansa har kowa ya san inda zai tsaya idan ƙwallo tana hannunsu da inda zai koma idan ta ƙwace. A ware wa gola minti 15 nasa shi kaɗai, domin shi aka fi mantawa da shi. A maimaita bugun kwana, bugun tazara da jifa. A filin da ƙwallo ke tsalle ba bisa ƙa'ida ba, ƙwallaye da yawa daga nan suke shiga. Bayani ya zama gajere, a nuna da ƙafa maimakon dogon jawabi. Gyaran kuskure a yi shi da murya ƙasa. Magidancin da aka tsawata wa a gaban ƙannensa ba lalle ya dawo ba.

Mako na biyar da na shida na wasannin sada zumunci ne. A fara da ƙungiyar da ba ta kai su ba, sannan wadda ta fi su, ɗaya a gida, ɗaya a waje. Kowa ya samu shiga. Kwana biyu kafin wasan farko na gasa a sassauta atisaye don jiki ya huta. Idan azumi ya shigo, a rage nauyi da tsawon lokaci, a matsar da shi gab da shan ruwa ko bayan asham inda akwai haske.

Lafiyar 'yan wasa

Iskar hunturu tana busar da jiki ba tare da mutum ya ji ƙishirwa sosai ba, don haka a tsaya shan ruwa duk bayan minti 20. A yayyafa wa fili ruwa idan da hali, a kuma san masu ciwon asma da masu sikila tun ranar rajista. Targaɗe yana son hutu, ƙanƙara ko ruwan sanyi, ɗauri da bandeji, da ɗaga ƙafar sama. Murza shi da zafi-zafi yana ƙara kumburi. Wanda ake zaton ya karye, kada a ja ƙafar. A tallafe ta a kai shi asibitin Rogo ko na Karaye. Wanda ya bugu a ka har ya ga jiri, ya yi amai ko ya rikice, ya gama wasa a ranar ko da ya rantse ya warke. Ƙwayoyi irin su tiramol, da wasu ke sha wai don kada su gaji, suna ɓoye ciwo, suna jawo farfaɗiya da jaraba. Koci ya faɗi wannan a fili tun ranar farko.

Kuɗin ƙungiya

Rigimar kuɗi ta rusa ƙungiyoyi fiye da shan kaye. Ƙa'ida ita ce kada koci ya riƙe kuɗi. A zaɓi ma'aji da sakatare daga 'yan gari, a rubuta shiga da fita, a karanta wa kowa a ƙarshen wata. Karo-karo kaɗan yana taruwa: misali, mutum 25 in kowa ya zuba naira 200 a mako, an samu naira 5,000, a mako shida kuma naira 30,000. Daga nan ake fitar da kuɗin ƙwallo, rajistar gasa da motar zuwa wasan waje. Gudummawar masu hali abin godiya ce, amma jesin da aka buga wa hoton ɗan takara yakan raba ƙungiyar da 'ya'yanta suka fito daga jam'iyyu daban-daban. Idan akwai ɗan abin da za a riƙa ba koci, a yanka shi a gaban shaidu tun farko.

Wasan farko da abin da baƙo zai bari

A sanar da sha ɗayan farko tun a atisayen ƙarshe, a kuma yi wa waɗanda ba su samu shiga ba bayani ɗaya bayan ɗaya. Ranar wasa a isa da wuri. Minti 45 ne kowane zagaye, hutun rabin lokaci bai wuce minti 15 ba, kuma gyara biyu ko uku kawai ɗan wasa mai haki zai iya riƙewa. Yadda koci ya ɗauki hukuncin alƙalin wasa, haka 'yan kallo za su ɗauka. In ya daka tsalle ya shiga fili, jama'a za su biyo shi. Baƙin da suka zo wasa amana ne har su hau motarsu.

Malami ana yi masa canji, ɗan bautar ƙasa shekara ɗaya yake yi. Saboda haka tun makon farko koci ya zaɓi mataimaki ɗan gari, ya riƙa ba shi ragamar wani sashe na atisaye, ya bar masa littafin da ke ɗauke da sunayen 'yan wasa, jadawali da dokoki. Ya kuma nuna masa hanyar neman takardar shaida: kwasa-kwasan Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas, da lasisin hukumar CAF mai hawa daga D zuwa C, B da A, wanda ake neman bayaninsa ta hukumar ƙwallon ƙafa ta jihar Kano. Ƙungiyar da ta shiga kaka ta gaba da kocinta na gida ita ce shaidar cewa baƙon ya yi aikinsa.

Tambayoyi da aikin yi

1. Waɗanne abubuwa uku ne koci zai lissafa kafin ya tsara kakar wasa a karkara?
2. Me ya sa baƙuncin koci yake zama alheri wajen zaɓen 'yan wasa?
3. A bayyana yadda ake fitar da kusurwar fili da awon mita 3, 4 da 5.
4. Mene ne matakin da za a ɗauka idan ɗan wasa ya bugu a ka?
5. Idan 'yan wasa 22 suna zuba naira 300 kowane mako, nawa za a tara a mako shida?
6. 'Yan aji su kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya rubuta dokoki biyar da jadawalin atisayen mako ɗaya da zai dace da ƙungiyar unguwarsu.